Yadda Za Ka Rage Abin da Wayarka Ke Faɗa a Kanka: Jagora Mataki-Mataki

Masu karatu sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: mutum bai rubuta wa kowa inda yake kwana ba, bai faɗi masallacin da yake zuwa ko asibitin da yake kai iyalinsa ba, amma tallace-tallacen da ke fito masa a waya suna nuna kamar an san duk waɗannan. Amsar ita ce, ba lallai sai an saurari hirarka ba. A cikin yawancin wayoyin zamani akwai ƙananan na'urori da ke auna abubuwa dare da rana: GPS mai gano wuri, ma'aunin motsi, ma'aunin juyawar waya, kamfas, ma'aunin haske, makirufo da kyamara, ga kuma Wi-Fi da Bluetooth da ke lura da abin da ke kusa. Abin da kowace ɗaya ke aunawa ba shi da wani nauyi idan yana shi kaɗai, amma idan aka tara na makonni aka haɗa, sai a fitar da abin da kai ba ka taɓa bayarwa ba. Wurin da waya ke kwana shi ne gida, inda take yini shi ne wurin aiki, wayar da ke yawan kasancewa kusa da taka kuwa ta wani na jikinka ce.

Aikin da ke ƙasa ba ya buƙatar ko kwabo, in ban da ɗan data na sabunta waya. Ka tanadi kamar awa guda da babu mai damunka, batir mai caji sosai, da takarda da biro don rubuta abin da ka canza, saboda idan wata manhaja ta daina aiki ka san inda za ka koma. Sunayen wuraren da za a taɓa an kawo su yadda suke fitowa a wayar da ke kan Ingilishi. Wayoyin Tecno, Infinix, itel da Samsung sukan ɗan sauya wurin da suke ajiye su, wanda wayarsa ke kan Faransanci kuma zai ga Paramètres da Confidentialité a madadin Settings da Privacy. Hanya mafi sauƙi ita ce rubuta sunan a akwatin bincike da ke saman Settings.

Mataki na 1: Ka san shekarun manhajar wayarka

Shiga Settings, sannan About phone, ka duba lambar Android. Wannan lamba ce za ta nuna maka iyakar kariyar da kake da ita. Tun daga Android 9 aka hana manhajar da ba a buɗe take ba amfani da makirufo, kyamara da ma'aunin motsi a ɓoye. Android 10 ya kawo zaɓin barin manhaja ta san wurin da kake a lokacin da ake amfani da ita kawai. Android 12, wanda ya fito a 2021, shi ya kawo allon da ke nuna wace manhaja ta taɓa me, da ɗigon kore mai nuna kyamara ko makirufo na aiki. Idan akwai sabuntawa a System update, ka yi ta kafin komai.

Gargaɗi: idan wayarka ta tsaya a Android 8 ko ƙasa da haka, wasu daga cikin saitunan nan ba za ka same su ba. A irin wannan waya, mataki na 3, wato cire manhajojin da ba ka buƙata, shi ne babbar kariyarka, kuma bai kamata ta zama wayar da kake harkar banki da ita ba.

Mataki na 2: Ka duba kafin ka taɓa komai

Kuskuren da aka fi yi shi ne a faɗa cikin saituna a yi ta kashe abubuwa barkatai, washegari taswira ta ƙi aiki, sai a fusata a mayar da komai yadda yake. Fara da kallo. A Android 12 zuwa sama, shiga Privacy, sannan Privacy dashboard, za ka ga jerin manhajojin da suka yi amfani da wuri, kyamara da makirufo cikin awa 24 da suka wuce, har da lokacin da suka yi. A iPhone, shiga Privacy & Security ka kunna App Privacy Report, ka bar shi ya yi kwanaki yana tattarawa, domin yana ajiye bayanin kwana 7.

Abin da kake nema shi ne wanda bai dace da aikinsa ba. Idan ka ga manhajar tocila, ko ta gyaran hoto, ko wasan yara, ta nemi wurinka da ƙarfe 3 na dare kana barci, rubuta sunanta a takarda.

Mataki na 3: Ka cire manhajojin da ba ka buƙata

A ganina wannan ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa saboda ba shi da armashi. Dalilin muhimmancinsa shi ne, a wayoyin Android manhaja ba ta neman izininka kafin ta karanta ma'aunin motsi, ma'aunin juyawa ko ma'aunin haske muddin tana buɗe. Babu wani saƙo da zai fito ya tambaye ka, don haka babu abin da za ka ƙi amincewa da shi. Kuma abin da ake iya fitarwa daga waɗannan ba ƙarami ba ne. Girgizar waya tana bambanta mai tafiya a ƙasa da wanda ke kan babur ko cikin mota, tana nuna lokacin da aka ajiye ta aka kwanta da lokacin da aka farka. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Stanford tare da wani abokin aikinsu daga Isra'ila sun nuna cewa ma'aunin juyawa yana iya kama wani ɓangare na sautin magana, ba tare da an taɓa makirufo ba. A 2017 kuma masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa ana iya cankar lambar sirri mai lamba huɗu daga yadda waya ke ɗan karkata yayin da yatsa ke danna ta, kuma a gwajinsu sun dace da kusan kashi 70 cikin 100 a karon farko. Waɗannan gwaje-gwajen ɗakin bincike ne, ba wai kowace manhaja tana yin haka ba, amma sun isa su nuna cewa manhajar da ba ta cikin wayarka ita ce kaɗai ba za ta auna komai ba.

Shiga Settings, sannan Apps, ka bi jerin daga sama har ƙasa. Ka cire duk wadda ka yi wata biyu ba ka buɗe ba, da masu cewa suna wanke waya ko sanyaya batir ko ƙara mata gudu, da manhajojin rancen kuɗi da ka gama hulɗa da su. Game da na rance, tun ranar 31 ga Mayu 2023 Google ya hana irinsu da ke Play Store ɗaukar lambobin mutane, hotuna da ainihin wurin mai waya, saboda haka duk wadda ta nemi waɗannan ta nuna maka ko wace iri ce. Waɗanda suka zo tare da waya kuma suka ƙi cirewa, ka danna Disable idan an ba da dama.

Gargaɗi: manhajar da aka tura maka ta Xender ko aka sa maka a shagon waya ba lallai ne ta bi ta tantancewar Play Store ba, kuma ba lallai ne ta riƙa sabunta kanta ba. Haka ma WhatsApp na jabu irin su GBWhatsApp, waɗanda ake so saboda suna ɓoye cewa an karanta saƙo. Kafin ka cire irin wannan ka adana hirarrakin da kake buƙata, domin ba kasafai suke komawa kan WhatsApp na asali ba.

Mataki na 4: Ka gyara izinin wuri, manhaja bayan manhaja

Shiga Location, sannan App location permissions. Za ka ga rukuni uku ko huɗu. Rukunin da aka rubuta Allowed all the time shi ne abin dubawa, kuma ga yawancin mutane ya kamata ya zama babu kowa a cikinsa, sai dai in aikinka na kai kaya ne ko tuƙin haya ta manhaja. Mayar da taswira da manhajar kiran mota zuwa Allow only while using the app, sauran kuma zuwa Don't allow. A cikin kowace manhaja akwai maɓallin Use precise location, wanda a iPhone ake kira Precise Location. Idan ka kashe shi, manhajar za ta san yankin da kake kawai, ba ƙofar gidanka ba, kuma wannan ya ishi manhajar yanayi da ta labarai.

Kada a yaudare ka da cewa ana cire suna kafin a sayar da bayanan. Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya bi bayanan wayoyin mutum miliyan ɗaya da rabi, ya gano cewa wurare huɗu kacal tare da lokutansu sun isa a ware kashi 95 cikin 100 na mutanen ɗaya bayan ɗaya. Mutum nawa ne ke kwana a layinku, ya yini a shagonku, ya yi Juma'a a masallacinku?

Manhajojin lokutan salla suna buƙatar kulawa ta musamman, domin mutane suna ba su izini da zuciya ɗaya. A watan Nuwamba 2020 jaridar Motherboard ta ruwaito cewa manhajar Muslim Pro tana tura bayanan wuri ga wani kamfani mai suna X-Mode, wanda cikin masu sayen bayanansa akwai 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Masu manhajar sun musanta sayar wa sojoji bayanai, suka kuma ce sun yanke hulɗa da kamfanin, daga baya a Janairu 2024 hukumar kasuwanci ta Amurka ta hana kamfanin sayar da bayanan wuraren da suka shafi sirrin mutane irin su wuraren ibada da asibitoci. Abin yi a nan mai sauƙi ne: shiga saitunan manhajar sallar da kake amfani da ita, ka zaɓi garinka da hannu, Kano ne ko Damagaram ko Kumasi, sannan ka janye izinin wuri gaba ɗaya. Lokutan salla ba sa canzawa a zo a gani tsakanin unguwa da unguwa. Idan ka yi tafiya sai ka canza garin.

Gargaɗi: VPN, wato manhajar da ke ɓoye adireshinka na intanet, ba ya ɓoye GPS, adireshin intanet kawai yake sauyawa. Kashe Location kuma ba ya ɓoye ka daga kamfanin layinka, domin turakun sadarwa sun san wanda wayarka ke magana da shi, kuma a Najeriya layin yana haɗe da lambar NIN. Abin da wannan mataki ke tsarewa shi ne manhajoji da 'yan talla.

Mataki na 5: Ka kashe binciken Wi-Fi da Bluetooth na ɓoye

A Android, ko ka kashe Wi-Fi, waya na iya ci gaba da leƙen na'urorin da ke kusa don ƙididdige inda take. Shiga Location, sannan Location services, ka kashe Wi-Fi scanning da Bluetooth scanning. Daga nan ka shiga Permission manager, inda ake ba manhajoji izini, ka duba Nearby devices, ka bar shi ga manhajar agogon hannu ko abin sauraro na kunne kawai. Taswira za ta ɗan yi jinkirin gano ka a cikin gini, iyakar asarar ke nan.

Mataki na 6: Makirufo, kyamara da motsin jiki

A Permission manager, buɗe Microphone da Camera ɗaya bayan ɗaya, ka janye izini daga duk wadda ba ta kira, ba ta ɗaukar murya ko hoto. Ga waɗanda kake amfani da su jefi-jefi, zaɓi Ask every time. Sannan ka duba Physical activity da Body sensors, waɗanda a iPhone suke ƙarƙashin Motion & Fitness. Nan ne ake ƙirga taku da gane ko mutum na tafe ko yana cikin abin hawa. A Janairu 2025 jihar Texas ta Amurka ta kai kamfanin inshora na Allstate da reshensa Arity kotu, bisa zargin tattara bayanan tuƙin mutane ta cikin manhajojin wasu kamfanoni daban, har da yadda suke taka birki, don amfani da su wajen harkar inshora. Bisa wannan zargi, mai wayar yana ganin manhajar neman man fetur mai sauƙi ya sauke, alhali tana auna tuƙinsa.

Ka saba da duba saman allo: ɗigon kore a Android yana nufin kyamara ko makirufo na aiki, a iPhone kuwa kore na kyamara ne, ruwan lemo na makirufo.

Akwai wani maɓalli da ke kashe waɗannan na'urori baki ɗaya a Android 10 zuwa sama, ga wanda zai shiga taro mai muhimmanci. A About phone ka danna Build number sau 7, sannan a Developer options ka nemi Quick settings developer tiles ka kunna Sensors off. Gargaɗi: ba kowane kamfanin waya ne ya bar shi ba, wasu manhajojin banki kuma sukan ƙi buɗewa idan Developer options na kunne. Yayin da yake aiki, kyamara, saƙon murya, juyawar allo da kamfas ɗin alƙibla duk za su tsaya, don haka na ɗan lokaci ne, ba na kullum ba.

Mataki na 7: Burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet

Shafin intanet ma yana iya karanta motsin waya, kuma ta wannan hanya aka yi gwajin lambar sirri da aka ambata a sama. A Chrome, danna ɗigo uku, shiga Settings, sannan Site settings, ka kashe Motion sensors. A wuri ɗaya ka duba Location, Camera da Microphone ka goge shafukan da ba ka gane ba. Safari na iPhone yana tambaya da kansa kafin ya ba shafi wannan dama, sai ka ƙi in ba ka ga dalili ba.

Mataki na 8: Ka share abin da aka riga aka tara

Duk abin da aka yi zuwa nan na gaba ne, na baya yana nan. Shiga Settings, Google, Manage your Google Account, sannan Data & privacy. Abu biyu za ka taɓa, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke taɓawa. Na farko shi ne Timeline, wanda a da ake kira Location History: buɗe shi ka ga tarihin zirga-zirgarka, ka goge, ka kashe. Na biyu shi ne Web & App Activity, wanda shi ma yana ajiye wuri tare da abin da ka bincika. A 2018 kamfanin dillancin labarai na AP ya bankaɗo cewa kashe na farkon bai hana ajiye wuri ta na biyun ba, kuma a Nuwamba 2022 Google ya amince ya biya dala miliyan 391.5 ga jihohin Amurka 40 kan wannan batu. Idan ba ka son kashe shi gaba ɗaya, sa shi ya riƙa goge kansa bayan wata 3.

Sai lambar talla, wadda ita ce zaren da ake ɗinke bayanan manhajoji daban-daban da shi su zama hoton mutum ɗaya. A Android nemi Ads a cikin Settings ka danna Delete advertising ID. A iPhone shiga Tracking ka kashe Allow Apps to Request to Track, sannan a Location Services, System Services, ka buɗe Significant Locations ka share. Talla ba za ta daina zuwa ba, sai dai za ta rage sanin ka.

Gargaɗi: idan wani ne ya buɗe maka asusun Google a lokacin da ka sayi waya, kuma ya san kalmar sirrin, to yana iya ganin inda wayarka take daga tasa wayar. Canza kalmar sirri kafin ka ci gaba, ka kuma duba Your devices a sashen Security ka fitar da na'urar da ba taka ba.

Mataki na 9: Hotuna da aika wuri

Kyamara tana iya manna ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin, ba tare da ya fito a fuskar hoton ba. Ta haka aka gano John McAfee, attajirin harkar manhajar kwamfuta da 'yan sanda ke nema, a Guatemala a 2012, bayan 'yan jaridar da ke tare da shi sun wallafa hotonsa. Buɗe saitunan kyamara ka kashe Location tags ko Geotagging. WhatsApp yana cire wannan bayani idan ka tura a matsayin hoto, amma idan ka tura a matsayin Document don kada ingancinsa ya ragu, kamar yadda masu sayar da atamfa da leshi suke yi wa kwastomomi, bayanin yana tafiya tare da shi. Mai sana'a a cikin gida ta fi kowa buƙatar lura da wannan.

Idan za ka nuna wa wani inda kake a WhatsApp, aika wurin na lokaci guda ya fi Live location. In dole ne, zaɓi na minti 15, kada ka zaɓi na awa 8, kuma kada ka tura shi a zauren da ba ka san kowa ba.

Mataki na 10: Agogon hannu da talabijin

Agogon zamani yana auna bugun zuciya da barci, waɗanda daga cikinsu ake iya hasashen rashin lafiya ko juna biyu. Masu arha da ake sayarwa a kasuwa sukan zo da manhajar da ke neman lambobi, saƙonni da wuri gaba ɗaya. Ka ba ta izinin Bluetooth kawai ka ga ko za ta yi aiki. Idan kana amfani da manhajar motsa jiki, mayar da asusunka na sirri. A Janairu 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya lura cewa taswirar da manhajar motsa jiki ta Strava ta wallafa ta hanyoyin gudun masu amfani da ita tana zana sansanonin soji a Siriya da Afganistan, saboda sojoji suna zagaye su da gudu kullum. Hanyar da kake bi kowace safiya ita ma haka take fitowa.

Talabijin mai intanet kuma yana iya gane abin da ake kallo ya tura wa kamfani; a 2017 kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka kan yin haka ba da izini ba. Nemi saitin da ke maganar viewing information ko talla ka kashe, ko kuma ka cire shi daga Wi-Fi idan dikoda kawai kake kallo.

Mataki na 11: Ka sake dubawa

Bayan kwana biyu ka koma Privacy dashboard ka gwada da abin da ka rubuta a takarda. Idan manhajar banki ta ƙi aiki sai da izinin wuri, ka ba ta na lokacin amfani kawai. Ka maimaita mataki na 2 da na 4 duk bayan babbar sabuntawa, da duk lokacin da waya ta dawo daga wurin gyara ko daga hannun yara. Idan kuma ka tabbatar wani kamfani a Najeriya yana tattara bayananka ba bisa ƙa'ida ba, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ka damar neman ya nuna maka abin da yake riƙe da shi ko ya goge. Ka rubuta masa a rubuce, ka ajiye hoton allo mai nuna kwanan wata da izinin da manhajar ta nema, idan bai amsa ba ka kai ƙorafi ga hukumar kare bayanai ta Najeriya, wato NDPC, tare da waɗannan shaidu.